Filin Da Ba A Sake Ginawa Ba: Wata Biyu A Elmina

Ni ɗan zangon Kumasi ne, kuma har na kai shekara talatin ban taɓa kwana a inda ake jin rurin teku ba. Lalura ce ta kai ni Elmina. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa, ga shi kuwa da sana'ar koko da ƙosai take riƙe da gida mai mutum tara. Jikokinta mata sun iya gasara da suya, amma babu mai ɗauko buhun gero daga tasha, babu mai bin bashi. Sai dangi suka ce ni da ba ni da aikin ofis in je in riƙe mata har ta taka. Na tafi da niyyar mako biyu, na yi wata biyu.

Ga wanda bai san wurin ba, Elmina ƙaramin gari ne a bakin tekun Gana, kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast. Masu garin suna kiransa Edina, harshensu kuwa Fantanci ne. Wani tafki mai ruwan gishiri da ake kira Benya ya ratsa garin ya faɗa teku, an ɗora masa gada. A hancin ƙasar da ke tsakanin tafkin da tekun ne farar ganuwar Turawa take, wadda ake zuwa kallo daga ko'ina a duniya. A kan tudun da ke fuskantarta akwai wata ƙaramar ganuwar. Sauran garin duk hayaƙi ne da ƙarnin kifi da kwalekwale.

Aikina yana farawa kafin kiran assalatu. Mukan ɗora tukunyar koko a baro mu gangara kusa da gada, domin a nan ciniki yake. Fantawa ba su canza wa abin suna ba, Hausa koko suke ce masa, ƙosai kuma su ce koose. Ranar farko na yi dariya da na ji wata tsohuwa da ba ta jin ko sannu da Hausa tana faɗa wai citta da kanumfari sun yi kaɗan, ba haka Hajiya take damawa ba.

Da gari ya fara wayewa sai kwalekwalen da suka kwana a teku su fara shigowa ta bakin tafkin. Mutane kan cika gadar maƙil suna leƙe, in suka hango wanda ya nutse sosai saboda nauyin kifi sai tafi da sowa su ɓarke. Kowane kwalekwale daga gungumen itace ɗaya aka sassaƙo gindinsa, itacen da suke kira wawa, wanda ake kawowa daga dazuzzukan cikin ƙasa, sannan a ƙara masa katako a gefe, a ɗaura inji a baya. Kowanne da tutocinsa: na Gana, na Jamus, na Birazil, na ƙungiyoyin ƙwallo. Da na tambaya ko masu shi sun taɓa zuwa ƙasashen, aka ce mini a'a, alama ce kawai don matan da ke jira su gane nasu tun daga nesa.

Matan nan su ne garin. Namiji ya kamo kifi, amma da zarar kwalekwale ya taɓa gaɓa, magana ta koma hannun mata. Suna da sarauniyarsu ta kasuwar kifi, masunta kuma suna da nasu sarkin. Da yawa cikin matan su ne ke ba da kuɗin mai da na gyaran taru, saboda haka kifin nasu ne tun yana ruwa. Su ke yanka farashi da daro, su ke bandarsa a kan murhunan laka masu jerin faranti na waya, su ke aika shi Kumasi da Techiman da Tamale. Bandar kifin da na tashi ina gani a miyar gidanmu, sai a Elmina na ga hannun da ke yin ta.

Littafin bashin Gwaggo shi ya fara koya mini yadda garin yake numfashi. Ranar da aka yi kamu, masu ɗaukar daro da masu fere kifi da yaran kwalekwale duk da kuɗi a hannu suke shan koko, har a biya na jiya. Ranar da kwalekwale suka dawo wayam, sai in yi ta rubutu. Ban taɓa shiga teku ba, amma in ka ba ni littafin nan zan faɗa maka ranar da teku ta yi kyauta da ranar da ta hana.

Ranar Talata kuwa ba a fita. Tsohuwar al'ada ce a gaɓar Fantawa, sun ce ranar hutun abin bautar teku ce, kuma har Kiristocin cikinsu da Musulmin ba sa karya ta. Ranar ce ta ɗinkin taru. Za ka ga maza sun baje taruna a duk inda fili yake, sun miƙe ƙafa, babban yatsa ya riƙe zare, hannu yana saƙa, baki yana hira. Babban filin da suka fi baje su shi ne wanda ke yamma da ganuwa. Tun zuwana filin nan yake ba ni mamaki. Gari ne da gida ke hawa kan gida, lungu ba ya wuce mutum biyu, amma ga wuri mafi kyau, teku a hagu, tafki a dama, an bar shi babu gini.

Akwai wani dattijon masunci da ƙarfi ya ƙare masa, kullum yakan sayi koko na sidi biyu ya zauna a bencinmu. Ya yi su a Abijan da Legas yana saurayi, don haka yana ɗan taɓa Hausa. Egya nake ce masa, wato baba da harshensu. Wata Talata na same shi a filin yana taya 'ya'yansa ɗinki, na tambaye shi dalilin da ya sa ba a gini a nan.

Ya ɗaga kai ya dube ni. "Ɗan Hajiya, ba ka sani ba? Nan ne garin. Inda kuke zaune sabon wuri ne."

"To ina garin ya tafi, Egya?"

"Ingilishi suka ƙone shi." Ya ɗan yi shiru, ya ja zare. "Da sojojinku."

Ba da faɗa ya faɗa ba, har ma yana murmushi. Amma maganar ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na shiga bin tarihin garin, a bakin masu yi wa baƙi jagora a ganuwa da kuma abin da masana suka rubuta. Ga abin da na samo.

Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suna neman zinariya. Sun same ta da yawa har suka laƙaba wa wurin Mina, wato mahaƙa. A watan Janairun 1482 wani kwamandansu, Diogo de Azambuja, ya zo da mutum 600, magina da sojoji, ya nemi izinin sarkin wurin, Kwamena Ansa, ya kafa ganuwar da ake gani yau. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a farkon lamari Fotugal kawo bayi suke yi Elmina daga wajen Binin su sayar wa fataken zinariya, waɗanda ke bukatar masu ɗaukar kaya zuwa cikin ƙasa. Daga baya ne, da gonakin rake suka bunƙasa a ƙetaren teku, hanyar ta juya, ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkukun mutane.

A 1637 Turawan Holan suka haɗa kai da wasu mutanen ƙasa suka hau tudun nan da na ambata, suka saita igwa a kan ganuwar, Fotugal suka sallama. Don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina tasu ƙaramar ganuwar a kan tudun. Shekara 235 suka yi a Elmina. A tsawon wannan zama garin ya girma a gindin ganuwa, a daidai filin da ake ɗinkin taru, da gidajen dutse, wasu har da bene, da mutane fiye da 10,000. An yi auratayya, shi ya sa har gobe za ka ji sunayen iyali irin Bartels da Vroom, ga maƙabartar Holan a tsakiyar gari, ga bikin Edina Bronya da ake yi ranar Alhamis ta farko a sabuwar shekara.

Elmina ba ta bi sahun sauran garuruwan Fantawa ba. Su suna tare da Ingila, ita kuwa ƙawar Tonawa ce, wato mutanen Asante. Ta nan Kumasi ke samun bindiga da albarushi, Holan kuma suna biyan Sarkin Asante wani kuɗi a kai a kai, wanda shi yake ɗauka a matsayin kuɗin hayar ƙasarsa. Da Holan suka gaji suka miƙa ganuwoyinsu ga Ingila a watan Afrilun 1872, ba su nemi yardar masu garin ba. Sarkin Elmina, Kobina Gyan, ya ƙi yin mubaya'a. Aka kama shi a 1873 aka kai shi Saliyo, bai dawo gida ba sai 1894, ya rasu a 1896. A lokacin rundunar Asante ta riga ta gangaro kudu, unguwannin da ke goyon bayan sarki kuma suna taimaka mata. Ranar 13 ga Yuni, 1873, Ingilishi suka ba da wa'adi a miƙa makamai, wa'adin ya cika, suka buɗe wuta daga ganuwa da kuma ƙananan jiragen da suka shigo tafkin. Garin ya ƙone ƙurmus. Ba a bari an sake gina shi ba, aka share wurin aka mai da shi filin fareti. Fiye da shekara ɗari bayan haka wani masanin tona ƙasa, Christopher DeCorse, ya haƙa filin ya tarar da tushen gidaje da tukwane da duwatsun ado da lofe, kamar yadda masu su suka gudu suka bar su.

To, ina sojojinmu suka shigo? Tun shekarun 1860 wani Bature mai suna John Glover ya kafa wata runduna a Legas, mafi yawanta 'yan arewa, da yawansu bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Ana kiransu Hausawan Glover, ko da yake duk wanda ke jin Hausa, Banufe ne ko Babarbare, Bahaushe ake ce masa. Da Ingila ta karɓi Elmina sai aka kawo wasu daga cikinsu. Suna cikin waɗanda suka yi faɗan ranar 13 ga Yuni tare da sojojin ruwan Ingila, da su kuma aka ci Kumasi a 1874. Egya bai yi ƙarya ba.

Da dare na kai wa Gwaggo labarin, tana kishingiɗe da ƙafarta a ɗaure. Na yi zaton za ta musa.

"Yanzu ka sani?" ta ce. "Ai kakan mijina ɗan sanda ne na Bature. Da ya ajiye kaki bai san hanyar garinsu ba, an sato shi yana yaro. Ina za shi? Nan ya zauna, ya auri 'yar gari."

"Gwaggo, ba ki jin nauyin zama da su?"

"Ɗana, wa ya wanke? Je ka tambayi ganuwar can wa ya cika ta."

Maganarta ta sa na fahimci cewa ta hanya uku 'yan arewa suka iso wannan gaɓa: da igiya a wuya, da kaki a jiki, da kaya a ka. Wani lokacin ma mutum ɗaya ne ya bi duka ukun.

Ta igiya ita ce mafi ɗaci. Bayan Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, ana biyan ta haraji da mutane, wasunsu kuma a gangaro da su bakin teku. Na shiga ganuwar sau biyu. Na ga ɗakin mata, da benen gwamna a samansa inda yake leƙowa ya zaɓa, da cocin da ke tsakar gidan, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da mutum zuwa jirgi, wadda sai a karkace ake bi. Baƙaƙen Amurka da muka shiga tare suna ta kuka. Ni kuma ina tsaye ina tunanin cewa a cikin waɗanda aka tura ta ƙofar nan akwai masu irin tsagen fuskar kakannina. Sai dai gaskiya ɗaya ce: fatakenmu da ke zuwa Gwanja sayen goro, ba goro kaɗai suka yi ciniki a kasuwar Salaga ba, har da mutane. Muna cikin waɗanda aka sayar, muna cikin masu sayarwa.

Ta kaki kuma ba da Ingila ta fara ba. Holan sun haramta cinikin bayi a 1814, amma suna bukatar sojoji a tsibiran da ake kira Indunusiya yanzu. Daga 1831 zuwa 1872 sun kwashi kimanin mutum 3,000 ta Elmina zuwa Jawa. A 1837 wakilinsu, Janar Jan Verveer, ya je Kumasi ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Kwaku Dua na ɗaya a kan samar da kurata. Mafi yawan waɗanda aka samu bayi ne 'yan arewa, Mosawa da Gurunsawa da Hausawa da sauransu. Akan fanshi mutum da kuɗi, sannan a riƙa cire kuɗin daga albashinsa na soja. Ingila ta yi ƙorafi cewa cinikin bayi ne aka sake wa riga. Wasunsu sun mutu a can, wasu sun auri matan Jawa sun zauna, waɗanda suka dawo kuma aka ba su wani tudu a Elmina, wanda har yau Tudun Jawa ake kiransa. Na hau shi da ƙafata. Awaki ne da shanyar tufafi da yara masu ƙwallo, babu abin da zai nuna maka cewa wani yaro da aka sato daga ƙasar Mosi ya zaga rabin duniya ya dawo ya tsufa a nan.

Ta kaya a ka ita ce wadda muka fi son faɗa: mahauta, masu tsire, masu goro, malamai masu allo, da mata irin Gwaggo. Bayan faɗuwar Kumasi hanyar kudu ta buɗe, zanguna suka tsiro a garuruwan gaɓa, tsofaffin sojoji da fatake suka cakuɗe. Duk da haka sunan baƙo bai bar mu ba. A 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, an kwashi mutanen zango da aka haifa a Gana, har da waɗanda ba su san kowa a inda aka kai su ba. Gwaggo tana yarinya a lokacin. Ta ce wata Bafantiya mai bandar kifi, abokiyar cinikin mahaifiyarta, ita ta ajiye musu kayan ɗaki har ƙura ta lafa, ko cokali bai ɓata ba.

Abin da ke damun garin yanzu ba igwa ba ce. Kifi ne ke ƙarewa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙarƙashin teku, ƙananan kifin nan da suke kira eban su yi ambaliya. Egya ya ce a zamaninsu har rasa itacen banda ake yi. Ni a daidai wannan lokacin na zauna, kuma ranakun da na ji tafi a kan gada ba su fi in ƙirga da yatsu ba. Dalilan a bayyane suke. Kwalekwale sun yi yawa, gwamnati na rangwanta kuɗin man injinsu, sai kowa ya ƙara sassaƙa wani. Wasu na kunna fitila a cikin ruwa da dare don tara kifi, wasu na amfani da taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'ya, duk da doka ta hana. Sama da duka akwai manyan jiragen kamun kifi, waɗanda a takarda na 'yan Gana ne amma yawancinsu kamfanonin Sin ke bayansu. Sukan kwashi kifin da ya kamata ƙananan masunta su kama, su daskarar da shi kamar bulo, su sayar wa wasu kwalekwale a tsakiyar teku. Saiko ake kiran wannan ciniki, Elmina ce kuma ta zama babbar tasharsa. Wani bincike da ƙungiyoyin kare muhalli suka yi ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kusan tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya. Gwamnati ta matsa, cinikin ya ja baya, a 2019 kuma ta rufe teku wata guda don kifi ya hayayyafa. Masunta sun yarda da hikimar, amma wata guda babu kamu, yunwa ce ga gidan da ba shi da ajiya.

Mu 'yan zango mukan ce teku ba tamu ba ce, ba mu iya iyo ba, ba ma shiga kwalekwale. Littafin Gwaggo ya ƙaryata mu. Mai tsire da tela da mai shayi da direban tirotiro, duk daron kifi ke ciyar da su. Samari uku daga layinmu sun bar garin a wata biyun da na yi, biyu zuwa haƙar zinariya, ɗaya ya ce Agadas za shi daga nan ya san inda ya nufa. Yaran Fantawa ma haka suke tafiya.

Da Gwaggo ta fara takawa da sanda na haɗa kayana. Daren ƙarshe na zauna na tara mata lissafi, na nuna mata sunayen da bashinsu ya daɗe, na ce ko a daina ba su. Ta karɓi littafin ta rufe ba ta duba ba.

"Wanda ya kwana a ruwa bai samu ba, ka hana shi koko? In kifi ya zo za su biya. Uwayensu sun biya uwata."

Ranar tafiyata ta faɗo Talata. Na bi ta filin in yi wa Egya sallama, na same shi a inda na saba, taru a yatsa. Na ce masa na bincika, maganarsa gaskiya ce, da sojojinmu aka ƙone garin. Ya ce ya sani, kakarsa ta faɗa masa, ta kuma faɗa masa cewa danginsu ma sun yi arziki da tuƙa bayi daga gaɓa zuwa jirgi. Sannan ya ce in gaishe da Kumasi, in kuma gaya wa jikokin Hajiya su ƙara citta.

Duk wanda Allah ya kai shi Elmina, ya shiga ganuwa, ya cancanci a gani. Amma in ya fito kada ya yi saurin hawa mota. Ya zaga yamma ya tsaya a filin nan, ya hau Tudun Jawa, ya kwana a zango ya fito gada da asuba. Allah ya jiƙan waɗanda suka bi ta ƙofar can da waɗanda gidajensu ke ƙarƙashin filin, ya mayar wa masunta da kifinsu.